Sa'ad da Jarida ta Riga Alƙali Yanke Hukunci

 

Maganar da zan yi yau ta shafi wata shari'a da aka yi a ƙasar Amurka a shekarar 1954, wadda ƙurarta ba ta lafa ba sai a 1966. Tambayar da ke cikinta ita ce: idan wanda ake tuhuma ya ga an gurɓata shari'arsa tun ana cikin yin ta, ya roƙi alƙali ya rusa zaman a sake sabo, alƙali ya ƙi, aka kuma ɗaure shi, wace hanya ta rage masa?

Bari mu fara da yadda kotunan can suke aiki, domin tsarinsu ya bambanta da wanda muka gada daga Faransa. A manyan laifuka, mutum 12 ake zaɓowa daga cikin talakawan gari, ana kiran su ƴan juri. Su ke sauraren shaidu, su ke cewa mutum ya aikata ko bai aikata ba. Alƙali shi ne mai tsaron ƙa'ida. Sharaɗin da ke kan ƴan juri shi ne su yi hukunci da abin da suka ji cikin ɗakin kotu kaɗai. In wata magana ta shiga kunnensu ta bayan fage, ko mai gabatar da ƙara ya faɗi abin da doka ta hana shi faɗi, lauyan wanda ake tuhuma yana da damar ya nemi a rusa zaman, a sallami waɗannan mutane, a zaɓo wasu. Hujjarsa ita ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Alƙalai ba su cika amsa wannan roƙo ba. Rusa shari'a asarar kuɗi ce da ta lokaci, shaidu kuma suna mutuwa ko su manta. Sau da yawa alƙali yakan umurci ƴan juri su share abin da suka ji daga zukatansu, a ci gaba. Kotun ɗaukaka ƙara kuma takan ba shi gaskiya, bisa dalilin cewa shi ne ya ga fuskokin ƴan juri, ita kuwa takardu kawai take karantawa. Saboda haka mai ɗaukaka ƙara yana da nauyi uku a kansa. Dole ya nuna lauyansa ya yi ƙorafi a lokacin da abin ya faru, an kuma rubuta shi cikin kundin shari'a. Dole ya nuna alƙali ya wuce gona da iri wajen amfani da ikon da doka ta bar masa. Sannan dole kuskuren ya zama mai nauyin da zai iya karkatar da hukunci, domin ƙaramin kuskure ba ya rusa ɗauri.

To, ga yadda abin ya kasance. A daren da ya waye 4 ga Yuli 1954, aka kashe Marilyn Sheppard cikin ɗakinta a garin Bay Village, kusa da birnin Cleveland na jihar Ohio, tana da juna biyu. Mijinta, likita Sam Sheppard, ya ce wani baƙo ne ya shigo gidan, suka yi kokawa, ya buge shi har ya suma. Hukuma ba ta yarda da shi ba, jaridun birnin kuma suka sa shi gaba. Jami'in binciken gawa ya kira zaman bincike na kwana 3 a zauren wasannin wata makaranta, ana watsa shi kai tsaye, aka yi wa likitan tambayoyi fiye da awa 5, aka kuma fitar da lauyansa da ƙarfi, jama'a suna shewa. A ranar 30 ga Yuli wata jarida ta tambaya a shafinta na farko me ya sa har yanzu ba a kai shi gidan kaso ba. A daren nan aka kama shi.

An buɗe shari'a a ranar 18 ga Oktoba, mako 2 kafin zaɓe. A can ana zaɓen alƙalan jiha da ƙuri'a: alƙali Edward Blythin yana neman a sake zaɓensa, babban mai gabatar da ƙara shi ma yana takarar kujerar alƙali. Jaridu 3 na birnin sun buga sunaye da adireshin mutum 75 da za a zaɓi ƴan juri daga cikinsu, aka yi ta aika musu wasiƙu da kiran waya. Cikin ɗakin kotu aka girka wa ƴan jarida wajen 20 teburi dab da ƴan juri, har likitan da lauyansa ba su iya yin shawara ba tare da an ji su ba. Tsawon mako 9 ƴan juri suna kwana gidajensu, hotunansu suka fito a jaridu fiye da sau 40.

A ranar 24 ga Nuwamba wata jarida ta buga da manyan baƙaƙe cewa za a kawo shaida mai cewa marigayiyar ta taɓa kwatanta mijinta da mutum mai fuska biyu. Ba a taɓa kawo wannan shaida gaban kotu ba. Lauya ya nemi a maida shari'ar wani gari, ko a ɗage ta, ko a rusa ta. Alƙali ya ƙi duka. A mako na 7 wani shahararren mai sharhi, Walter Winchell, ya faɗa a rediyo da talabijin cewa wata mace da ke tsare a New York ta ce ta haifa wa likitan ɗa. Ƴan juri 2 suka amsa sun ji. Alƙali ya tambaye su ko hakan zai shafi hukuncinsu, suka ce a'a, maganar ta ƙare nan. A ranar 21 ga Disamba aka same shi da laifin kisa, aka yi masa ɗaurin rai da rai.

Daga nan aka shiga doguwar hanya. Kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta tabbatar da hukuncin a 1955. Kotun ƙolin jihar ta amsa a 1956 cewa an yi shari'ar cikin hayaniya irin ta biki, amma duk da haka ta tabbatar. Kotun ƙolin Amurka ta ƙi karɓar ƙarar a wannan shekara. Sai da wani matashin lauya, F. Lee Bailey, ya bi ta wata ƙofa, ya kai kuka kotun tarayya cewa tsarewar ta saɓa wa kundin tsarin mulki. A watan Yuli 1964 alƙali Carl Weinman ya sa aka saki likitan, bayan shekara 10 a tsare. Kotun da ke sama da shi ta soke hukuncinsa a 1965. A ranar 6 ga Yuni 1966 kotun ƙolin Amurka, da alƙalai 8 a kan 1, ta rusa ɗaurin.

Abin lura, jama'a, shi ne wanda kotun ta ɗora wa laifi. Alƙali Tom Clark, wanda ya rubuta hukuncin, ya kare ƴancin jarida, ya maida alhakin kan alƙalin da ya yi shari'ar, domin yana da makamai a hannunsa ya ƙi amfani da su. Yana iya rage yawan ƴan jarida a ɗakin kotu, ya hana ƴan sanda da lauyoyi da shaidu sakin magana, ya killace ƴan juri, ya ɗage zaman ko ya kai shi wani gari. Kotun ta ƙara da cewa rusa hukunci daga baya rage raɗaɗi ne kawai, ainihin magani shi ne a tare ɓarnar tun daga tushe. Mu a nan cewa muke yi rigakafi ya fi magani.

Rusa ɗaurin bai wanke likitan ba. Kotun ta ce ba a yi masa shari'ar adalci ba, ta bar wa jihar damar sake gurfanar da shi. An sake, aka sallame shi a ranar 16 ga Nuwamba 1966. Ya rasu a 1970 yana da shekara 46. Daga baya ɗansa ya nemi wata kotu ta bayyana cewa an ɗaure uban bisa zalunci, a shekarar 2000 ƴan juri suka ƙi. Har ila yau akwai masu ganin shi ya yi, akwai masu ganin ba shi ba ne. Hayaniyar 1954 ta cuci kowa: in shi ne, ta ba shi ƙofar fita; in ba shi ba ne, ta cinye masa shekara 10, mai laifin kuma ya tsira.

Ina ruwanmu da abin da ya faru a Ohio? Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta 1981, wadda Nijar ta rattaba wa hannu, ta tanadi a sashenta na 7 cewa mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, kuma yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara. Ɗan kasuwar da aka zarga da fasa ƙwauri, ko ma'aikacin da aka zarga da cin dukiyar ƙasa, ya san yadda sunansa ke lalacewa a kasuwa da ofis kafin ya ga fuskar alƙali. Shawarata gare shi ita ce ya tabbata duk ƙorafin da lauyansa zai yi an yi shi a kan lokaci, an kuma rubuta shi, domin da wannan rubutu Bailey ya ci nasara bayan shekara 12. Shawarata ga abokan aikina kuwa ita ce mu ba da labarin abin da aka faɗa gaban kotu, mu kira wanda ake tuhuma da sunan wanda ake tuhuma, mu bar wa alƙali aikinsa, mu kuma sa masa ido ko yana yin sa.

Allah ya ba mu alƙalai masu tsoron Allah, ya tsare mu daga shaidar zur.