Me Ya Sa Tsiro Ke Karkata Wajen Haske?

'Yan'uwa maza da mata, maganarmu ta yau a kan shuka ce.

Duk wanda ya shiga gidajen cikin birni, kamar Yakasai ko Jakara, zai ga zogale ko lalle a tsakar gida ya yi tsawo, ya rame, ya juya wa katanga baya. Sai a ce ƙasar ce ba kyau. A'a, haske yake nema.

A shekarar 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis, a Ingila, suka bayyana cewa da suka rufe kan tsiron ciyawa da 'yar hula, sai ya daina karkata. Ashe kan tsiro ne ke jin haske. A 1926 kuma Frits Went na ƙasar Holan ya nuna cewa wani sinadari ne ke saukowa daga kan, wanda daga baya aka kira oksin. Yakan taru a gefen inuwa, gefen ya fi miƙewa, sai kara ya lanƙwasa wajen rana.

To, gidajenmu a matse suke, ga dogayen katangu, ga zafin Kano na neman inuwar bishiya. Saboda haka kada ku dasa a gindin katanga. Ku duba inda rana ta fi daɗewa. In a tukunya ne, a riƙa juya ta. In ya fara karkata, a kafa masa sanda, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.