JAWABIN UBAN ƘUNGIYAR SAMARI A WAJEN AZA HARSASHIN MASALLACI

  

Ranka ya daɗe Hakimi, wakilin Mai Martaba Sarkin Gumel, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara; Allah gafarta Malam Liman da sauran malamai; dagatai da masu unguwanni; baƙinmu da suka taso daga Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar; iyayenmu mata; 'ya'yana samari; assalamu alaikum wa rahmatullah.

Samarin unguwa ne suka ɗora mini wannan magana, don sun ce ni ne ubansu. Na karɓa, amma bisa sharaɗin su bar ni in faɗi abin da ke raina, ko da ba zai yi wa kowa daɗi ba. Abin da ke raina kuwa shi ne kuɗin ginin nan: inda za su fito, da hannun da zai riƙe su.

Yau ranar farin ciki ce, kuma nan da ɗan lokaci za a ɗauki lasifika a fara kiran alkawura. Ina roƙon kowa ya auna aljihunsa kafin ya buɗe baki. Na taɓa zama magatakardan kwamitin ginin wani masallaci, ba zan faɗi wurin ba. Ranar gidauniya aka cika littafi da alkawari har muka ɗauka aiki ya ƙare. Muka yi shekara biyu muna bin mutane gida gida, abin da ya shigo hannu bai kai sulusin abin da aka rubuta ba. Gini ya tsaya a linta, damina ta yi ta dukansa, rodi ya yi tsatsa, awaki suka mai da shi wurin kwana. Ba na ɗora laifin a kan masu alkawari kaɗai. Mu ma 'yan kwamiti ba mu taɓa karanta wa jama'a lissafi ba, sai zato ya shiga, wanda ya yi niyyar bayarwa ya mai da hannunsa aljihu.

Inda na ga yadda ake yin abin daidai, ba a nan ƙasarmu ba ne. A shekarar 1973 Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin bautar ƙasa, don samarin kowane sashe su zauna shekara guda a wani sashen, su san juna bayan yaƙin basasa. Da lokacina ya zo aka tura ni wani ƙauye na ƙasar Ibo. Can na iske mutane sun kasa kansu sa'a sa'a, watau kowane rukunin tsara da aikin da gari ya ɗora masa. Kowa yana da ɗan abin da zai biya duk wata, har waɗanda ke fatauci a Kano da Ikko, kuma idan sun dawo gida hutun ƙarshen shekara sai ma'aji ya miƙe a bainar jama'a ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, har kwabo. Da wannan suka gina ɗakin taro da azuzuwan makarantar da na koyar a ciki. Addininmu ba ɗaya ba, amma na dawo Gumel da kunyar cewa abin da Musulunci ya koya mana na rubuta bashi da tsare amana, su ne na ga suna yi.

Haka su ma 'ya'yan mutane da ake turo mana nan kowace shekara. Suna ware rana guda a mako don aikin raya gari, kuma wasunsu sun tafi sun bar mana abin tunawa. Ina so samarinmu su jawo su a jiki, su ci abinci tare, domin baƙon da aka karrama shi ne zai ba da labarin Lautai a garinsu.

Kada wani ya ce ai wannan tsari na baƙi ne. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya isa Madina a shekarar 622, filin da aka zaɓa don masallacinsa na wasu marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu. Bai yarda a karɓa kyauta ba, sai da aka biya su. Sa'an nan shi da kansa ya riƙa ɗaukar tubali tare da sahabbai. Ginshiƙan kututturen dabino ne, rufin kuwa ganyensa. A lokacin shirin yaƙin Tabuka kuma, wani talaka ya kwana yana jan ruwa don lada, ya kawo ɗan mudun dabino, munafukai suka yi masa dariya, Allah ya kare shi ya kunyata su. Saboda haka ba mai ƙaramin hannu a wannan aiki.

Mu yi lissafi kaɗan. In gida 500 suka ɗauki nauyin Naira 500 kowace Juma'a, a mako an sami Naira 250,000, a shekara kuwa Naira miliyan 13. Wannan kuɗi ba ya jiran attajiri ya dawo daga tafiya. Attajiranmu muna gode musu, Allah ya ƙara buɗi, amma mun ga abin da ya faru a 2023, sa'ad da aka rufe iyaka da Nijar: kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, ta yi sanyi wata da watanni, sai a Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A wannan shekarar ta 2023 aka janye tallafin mai, kuɗin dakon siminti da rodi ya tashi. Ginin da ya dogara ga mutum uku, ranar da kasuwarsu ta tsaya shi ma ya tsaya.

Manomi kuma ba sai ya kawo takardar kuɗi ba. Da kaka ya ba da damin gero, ko tiyar riɗi, ko buhun zoɓo, ko wake; samari su tattara, a sayar a gaban shaidu. Sai dai a kula, wannan sadaka ce, ba zakka ba, domin a mazhabarmu ta Malikiyya ba a gina masallaci da zakka; tana da masu ita. In na yi kuskure Malam Liman ya gyara mini. Iyayenmu mata kuwa sun fi mu sanin adashi, kuma ban taɓa jin uwar adashi ta manta wanda bai zuba ba. A ba su littafinsu, su riƙe da kansu.

To, 'ya'yana, ga naku. Kun saba da share makabarta da yashe magudanan ruwa kafin damina, kun saba da tsaron layi ranar Idi. Wannan ya fi waɗancan tsawo. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ne, dole a zurfafa harsashi, bulo kuma yana son ban ruwa safe da yamma in ana so ya yi ƙwari. Duk ruwan da kuka ɗebo da ramin da kuka haƙa, kuɗin lebura ne kuka mayar cikin asusu. Abin da kwamiti ya amince da shi, kuma nake so a ji shi a gaban Hakimi: ba za a karɓi ko sisi ba sai da rasit; kuɗi a banki za su kwana, ba a gidan kowa ba; ba za a fitar ba sai da sa hannun mutum uku; kuma Juma'ar farko ta kowane wata za a karanta lissafi bayan salla, a manna shi a bango. Wanda ya yi tambaya kada a harare shi, haƙƙinsa ne.

Gayyar farko ranar Asabar ce mai zuwa, bayan sallar Asuba. Mai shebur ya zo da shebur, mai baro ya zo da baro, masu amalanken shanu su taimaka mana da ɗibar ruwa. Littafin rasit yana kan tebur wajen ma'aji, ni ma can zan nufa in na sauka.

Allah ya nuna mana ranar buɗewa.