Birnin Katsina: Ƙasarsa, Yanayinsa Da Tarihinsa

Birnin Katsina yana zaune a kan fili mai yashi, kimanin mil 100 arewa maso yamma da Kano, kusa da iyakar ƙasar Nijar. Damina a nan gajeriya ce, daga watan Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara kuwa bai cika wuce inci 30 ba. Daga Nuwamba sai hunturu ya sauko da sanyi da hazo, bayansa bazara ta biyo da tsananin zafi har faɗuwar ruwa. Saboda haka gero da dawa da wake su ne abincin ƙasar, gyaɗa da auduga kuwa amfanin sayarwa.

Masu tarihi sun ce Muhammadu Korau, wanda ya yi sarauta a ƙarni na 15, shi ne Sarkin Katsina na farko Musulmi. Ayarin raƙuma daga Agadas da Gadamus suka mai da garin babbar kasuwa, malamai irin su Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina suka mai da shi gidan ilmi a ƙarni na 17. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye, shaidar wancan zamani.

A 1807 Malam Ummarun Dallaje, mai tutar Shehu Usmanu, ya ci garin. Zuriyar sarakunan dā suka ƙaura arewa, suka kafa mulki a Maraɗi. Turawa sun iso a 1903. A 1906 aka naɗa Muhammadu Dikko, ya yi sarauta har 1944. A zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. A 1987 birnin ya zama hedkwatar Jihar Katsina.

To, amma wannan gado yana cikin haɗari. Ganuwar da ta tsare garin ɗaruruwan shekaru, ruwan sama yana zaizaye ta, masu gini suna ɗibar ƙasarta. Itatuwan da ke tare iska ana sare su, yashi yana binne gonaki. Wajibi ne hakimai su hana haƙa a jikin ganuwa da kufai, su sa talakawa dashen itace tun farkon damina. Malaman hakimai kuwa su zauna da dattawa, su rubuta sunayen sarakuna da asalin garuruwa, domin tsoho in ya rasu ba a rubuta ba, da labarinsa ake binne shi.

Allah ya raya Katsina, ya ba shugabanni ikon riƙon amana, amin.