In kwamfuta ta hannu ta ƙi tashi

 

Yau hirarmu a kan kwamfutar tebur ce, wadda wasu ke ce ma ordinater. Da yawa cikinmu ta hannu muke saye, don ta fi araha. Wani ya saya ma ƙungiyar manoma, wani ya saya ma ɗansa ɗan lakkol. An kawo ta gida, an danna, ta yi shiru. Nan take hankali ya tashi, a ce kuɗi sun halaka. Ku kwantar da hankali. Sau da yawa injin lafiya lau yake, wuta ce ba ta kai gare shi ba. Aikinmu shi ne mu bi hanyar wuta, daga bango har cikin akwati, ɗaya bayan ɗaya.

Amma tun ba a jona ta ba, akwai abin dubawa. Wutar NIGELEC volt 220 ce. Wutar gidajen Amurka volt 120 ce. Ku juya akwatin, ku dubi bayansa, kusa da inda igiyar wuta ke shiga. Wasu tsofaffin kwamfutoci suna da wani ɗan makunni ja. An rubuta 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗaya gefen. A ƙasarmu, 230 ne ya kamata a gani. In yana kan 115 kuka jona, sai ku ji tas, ku ga hayaƙi. Ga amfanin karatu: lamba uku kawai, amma wanda ya iya karanta su ya ceci kuɗinsa. In babu makunnin ja, ku karanta takardar da ke manne a wurin. In an rubuta 100 zuwa 240, ba damuwa.

Na ɗaya, bango. Ku jona fanka ko cajar salula a piriz ɗin. In ba ta yi aiki ba, laifin ba na kwamfuta ba ne. In da ralanj kuke aiki, ku cire shi, ku jona kai tsaye.

Na biyu, igiyar wuta. Ku tura ta sosai har ta zauna. Igiya mai kai irin na Najeriya da Ingila, mai ƙafa uku masu kusurwa, tana da ɗan fis a ciki, kuma yakan ƙone. Sau da yawa igiyar ekaran, wato gilashin da ake kallo, iri ɗaya ce da ta akwati. Ku musanya su ku gani.

Na uku, makunnin baya. Wasu akwatuna suna da baƙin makunni mai alama biyu: sanda da sifiri. Sanda, a kunne. Sifiri, a kashe. Ku danna wajen sanda.

Na huɗu, ku cire igiyar daga bango. Ku danne makunnin gaba, ku ƙirga har talatin. Wannan yana zubar da sauran wutar da ta maƙale. Ku mayar da igiya, ku sake kunnawa.

Yanzu ku kasa kunne, ku sa ido. Fanka tana juyawa? Ƴar fitila ta kama? In haka ne, wuta ta shiga. Sai ku duba ekaran: ya samu tasa wutar? Igiyar da ta haɗa shi da akwati ta ɗauru?

Na biyar, cikin akwati. A cire igiya daga bango tukuna. A taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin a taɓa komai. Ƙurar hunturu takan toshe fanka, injin ya yi zafi ya kashe kansa. A hure ƙura, a share da busasshen buroshi. Kada ruwa ya kusanto. Za ku ga wasu siraran alluna a tsaye, sunansu RAM. Girgizar mota a kan hanya takan kwance su. A buɗe maƙallai biyu na gefe, a zare allon, a mayar har ya ce ƙas. Fuska ɗaya kaɗai yake shiga, kada a tilasta shi. Akwai kuma ɗan pil mai kama da kwabo, an rubuta CR2032 a kansa, volt 3. Shi ke riƙe kwanan wata da lokaci. In ya mutu, wasu injuna sukan yi gardamar tashi. Masu gyaran agogo sukan sayar da shi.

A nan iyakarmu take. A cikin akwatin akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe, inda igiyar wuta ke shiga. Kada kowa ya kwance shi. Yana riƙe wuta ko bayan an cire igiya, kuma tana iya kashe mutum. In kun ji ƙauri, ko kun bi duk matakan nan shiru, ku kai ma mai gyara. Ku gaya mashi abin da kuka riga kuka gwada. In wannan ƙaramin akwatin ne ya mutu, ana canza shi shi kaɗai, ba sai an sayi wata kwamfuta ba.

Wanda bai saya ba tukuna, ya tuna: gani ya kori ji. A kunna ta gabanka, ka ga rubutu ya fito, ka bar ta ta ɗan jima tana aiki, kana ka biya. Inda wuta ke hawa da sauka, a nemi regilater.

Aikin gida: kowa ya ɗauki allo ya rubuta 115, ya rubuta 230, ya ja layi ƙarƙashin wadda ta dace da ƙasarmu. A nuna ma malami a aji.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.