Kasuwar Baje Koli da Amfanin Karatu

Jawabi ga 'yan ajin Yaƙi da Jahilci na Boɗinga da Shagari

Yau zancen wata irin kasuwa zan yi muku, da abin da ya gama ta da karatunmu.

Kowa ya san kasuwar ƙauye. Ka kai gero ko albasa, dillali ya duba, a yi ciniki da baki, ko ka sallama ko ka ce albarka. To, akwai wata kasuwa da ba kowane mako ta ke ci ba. Sunanta kasuwar baje koli. 'Yan kasuwa na ƙasashe dabam dabam su kan taru, kowa ya kafa rumfa, ya baje irin kayansa. Ana sayar da na hannu, amma babban abin da ke kai mutum can shi ne ya sadu da manyan masu saye, su ƙulla cinikin da zai daɗe.

A Kaduna ana cin irin wannan kasuwa. Ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kaduna ke shirya ta, kuma a shekarar 2019 aka yi ta 40. In ka tashi daga nan, sai ka bi Sakkwato, Gusau, Funtuwa, Zariya. Filin kasuwar yana bakin hanya, wajen Rigacikun, kafin ka shiga garin Kaduna. Can akwai abinci, akwai injuna, akwai tufafi.

A ƙasashen waje kuwa akwai na abinci zalla. Akwai Anuga ta ƙasar Jamus, wadda aka fara a 1919. Ana cin ta a birnin Kolon, shekara biyu biyu, cikin watan Oktoba. Akwai kuma Gulfood ta Dubai, wadda aka fara a 1987. 'Yan kasuwar Nijeriya su kan je da riɗi da citta da zoɓo, watau kayan gonar talakawa irinmu.

Ni ta Kaduna na je, gani kuwa ya kori ji. Na zaga rumfunan abinci, na ga zuma da kilishi da yaji da shinkafa. Duk ba baƙinmu ba ne. Abin da ya bambanta su da namu shi ne rubutu. Kowace leda, kowace kwalba, an rubuta sunan abin da ke ciki, da nauyinsa, da ranar da aka yi shi, da ranar da zai lalace, da sunan mai shi da inda ya ke. Akwai kuma lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don duba abinci da magani. Ko mai kaya ya tafi salla, kayansa na nan suna magana a madadinsa.

Babban mai saye tambaya uku ya kan yi. Ku riƙe su da kyau.

Ta farko, mene ne nauyin kayanka? Mu da mudu da tiya mu ke awo. Amma tiyar wannan kasuwa ba ita ce tiyar waccan ba, wani ma ya kan bubbuge gindin kwanonsa. Baƙo bai san tiya ba, kilo ya sani. Kilo 1,000 shi ne tan ɗaya, ko a Shagari ko a Jamus. Wanda ya iya karanta lambar sikeli ba a tauye shi.

Ta biyu, me ka zuba wa kayanka? A shekarar 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana a kai musu busasshen wake daga Nijeriya. Dalili kuwa, sun auna sun sami maganin ƙwari ya yi yawa a ciki, irin wanda mu ke kira fiya-fiya. Ba kowane manomi ya zuba ba, amma hanin ya hau kan kowa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Kuma abin da Bature ya ƙi ci, shi 'ya'yanmu ke ci. Ga shi kuwa akwai hanya mai sauƙi. Akwai buhun ajiya da a ke kira PICS, mai leda biyu a ciki. Ka shanya wake ya bushe sarai, ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda dabam. Ƙwari za su mutu don rashin iska, ba tare da magani ba. In kuwa dole sai an yi aiki da magani, to, a karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar tukuna.

Ta uku, nawa za ka iya kawowa, kuma yaushe? Mai buhu biyar ba shi da amsa. Amma manoma 40 in sun gama kai, za su cika mota. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai ƙungiya ba ta zama sai da littafi, inda za a rubuta abin da kowa ya kawo da abin da kowa ya karɓa. In mutum ɗaya kaɗai ya iya karanta littafin, zargi zai shigo, ƙungiya ta watse. Ciniki kuma da takarda a ke ƙulla shi. Kada ka dangwala hannu a kan takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba.

Ku dubi maƙwabtanmu na Galmi, a Jamhuriyar Nijar. Albasarsu ta yi suna, har Ghana da Kwaddibuwa a ke kai ta, ana kiranta da sunan garinsu. Mu ma muna da fadama, muna da albasa. Mu bar ta ta ƙosa, mu shanya ta wuyanta ya bushe, mu fid da ruɓaɓɓa, mu ware manya dabam ƙanana dabam. Da haka a ke yin suna.

Kada wani ya ce ya tsufa da karatu. A nan Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa, yana rubuta littattafai. Ilmi gadonmu ne, maza da mata.

Ga aikinku kafin aji mai zuwa. Kowa ya nemi ledar gishiri ko ta sukari ya zo da ita, mu nemi nauyi da kwanan wata tare. Sa'an nan kowa ya rubuta sunansa, da sunan ƙauyensa, da abin da ya ke nomawa. Wannan ita ce takardar da za ka liƙa a buhunka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu gane. Wassalam.