Jakar Kayan Gyara Da Ke Zuwa Da Babur

Ya kai mai karatu, in Allah ya hore maka babur, ko kuwa kana shirin saye, ina so ka ba ni hankalinka kaɗan. Zancena a kan 'yar jakar nan ne da maƙeran babur ke sakawa ƙarƙashin sirdi, ko cikin wani ɗan akwati a gefe. Mutane da yawa ba su taɓa kwance ta ba. Waɗansu ma tun ranar saye sukan ajiye ta a ɗaki, wai kada a sace.

In ka kwance ta, galibi za ka tarar da sifana biyu ko uku, da filaya, da sukudireba mai baki biyu, da wata sifana mai kama da bututu, watau ta fulogi. Kada ka raina su don ƙanƙantarsu. Wanda ya ƙera babur ɗin shi ya zaɓe su, ya kuwa san girman kowane noti da ya ɗaura.

Ga dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci. Baburan Ingila na da, irin su BSA da Norton da Triumph, notocinsu bisa awon inci suke, wanda ya samo asali daga tsarin da wani Bature, Joseph Whitworth, ya fitar a 1841. Na Japan kuwa, irin Honda Super Cub da aka fara ƙerawa a 1958, da milimita ake auna nasu: 8, 10, 12, 14, 17. Sifanar wancan ba ta zama daidai a kan notin wannan. In ka tilasta, sai ta cinye kusurwoyin notin, ya koma kamar ƙwallo, ba ya kwantuwa sai da kurfi da guduma. Haka sukudireban. Kusoshin Japan masu kan gicciye yankansu dabam ne da na Phillips na Amurka, ko da ya ke ido bai cika rarrabewa ba. Na cikin jakar yakan zauna daram, na aro kuwa ya yi ta zamewa har ya lalata kan kusa.

To, a ce kana tsakiyar daji, rana ta yi yamma, babur ya mutu, ka buga, ka buga, ya ƙi tashi. Da fari duba mai. In akwai, sai ka cire hular fulogi, ka sa sifanar nan mai bututu ka kwance shi. Ita kaɗai ke iya shiga ramin da yake. In ka ga bakinsa ya yi baƙi ko ya jiƙe, goge shi sarai. Sa'an nan ka mayar masa da hularsa, ka jingina ƙarfensa a jikin inji, ka buga. Kada ka riƙe shi da hannu, gama zai ja ka. In wuta shuɗiya ta yi tsalle a bakinsa, lafiyarsa lau. Wajen mayarwa, fara murɗawa da yatsunka, sai ya zauna kāna ka sa sifana. Kan inji na goran ruwa ne, taushi gare shi, in ka karkata fulogi ka ci zaren ramin, ka jawo wa kanka aikin kuɗi mai yawa.

Sarƙa ma takan saki har ta faɗi. Sassauta notin ƙafar baya, ka juya 'yan notocin ja na dama da hagu daidai wa daida, ka bar mata wasa kamar faɗin yatsa guda ko biyu, yadda littafin babur ɗinka ya faɗa. Ka tuna ka sake duba birkin baya, domin ja da ƙafa baya yakan sāke shi.

Amma ba zan ɓoye maka aibinsu ba. Ƙarfensu ba shi da ƙwari sosai, gajeru ne kuma. Notin da bakanike ya ɗaure da doguwar sifana, ya hau kai da ƙafa, da ƙyar za su kwance shi. Saboda haka gwada su a gida tun tafiya ba ta kama ka ba, ka ga wanda ke aiki da wanda ba ya yi. Kayan hanya ne, ba na buɗe inji ba.

Kamfanin BMW na Jamus ya yi suna a da wajen cika jakarsa, har da famfo da liba ta cire taya. Manyan baburan yanzu kuwa, da yake na'ura ke sarrafa mansu da wutarsu, waɗansu ɗan makulli guda ko biyu kaɗai ake sa musu. In naka mai tif ne a cikin taya, kuma ba a ba ka waɗannan ba, sai ka ƙara liba biyu, da faci, da gam, da famfo, da fulogi sabo guda. Ka naɗe su duka a tsumma don kada su yi ƙara ko tsatsa, tsumman kuma ka goge hannu da shi.