Ungozomar Asibiti Da Aikinta A Kaduna



Cikin ma'aikatan da suka cancanci a tuna da su yau akwai wadda ba safai akan ambace ta ba, watau ungozomar asibiti. Sa'ad da aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna cikin 1917, haihuwa sha'anin cikin ɗaki ne. Tsohuwar ungozomar unguwa akasari ba a kiranta sai ɗa ya faɗi, sa'an nan ta zo ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta yi wa jinjiri wanka. Cikin 1930 Gwamnati ta yi dokar ungozomomi, aka kafa hukumar da za ta riƙa jarraba su tana ba su takardar shaida. Jikokin wannan doka su ne ke kwana a tsaye a ɗakin haihuwa na asibitin Barau Dikko, da na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada.

Aikinta kuwa rabinsa tsaro ne. Da an kawo mai naƙuda, sai ta auna jininta, ta laluba kwanciyar ɗa, ta kafa kunne ta saurari bugun zuciyarsa, ta sake saurara bayan kowane rabin sa'a. Kome ta gani sai ta rubuta tare da lokacinsa, kamar yadda akawun kotu ke rubuta shaida, gama da wannan takarda likita zai yanke hukuncin a jira ko a yi aiki. Abubuwa uku ne ke hana ta runtsawa: zubar jini, da jijjiga, da doguwar naƙuda. Na farko yana iya ɗauke mace cikin sa'a biyu. Na ƙarshe in bai kashe ba yakan bar yarinya da yoyon fitsari, kuma alƙalai sun san inda irin wannan aure kan ƙare.

Amma fa babban abokin gābarta jinkiri ne. Daga 1976 zuwa 1979 Likita Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya. Ya tarar mafi yawan matan da suka rasu, waɗanda ba su taɓa zuwa awon ciki ba ne, ba a kawo su ba sai da abu ya ɓaci. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Mai cikin fari takan danne ciwo saboda kunya. Tsofaffi su ce a ƙara haƙuri, a sha rubutu. Maigida ya tafi rangadi bai bar izini ba, ba kuwa mai ƙarfin halin fitar da matar wani da tsakar dare. Kafin a taso daga Kawo ko Badarawa gari ya waye, ɗa ya mutu a ciki, kana a zo ana tuhumar ungozoma da sakaci.

To, nan maganar ta zo kan ma'aikata, domin su talakawa ke duba. Ma'aikacin da ya tura iyalinsa awo tun ciki na ƙarami, ya bar izini a bakin uwargida ko maƙwabci kafin ya yi tafiya, ya ajiye kuɗin mota, ya san ɗan'uwan da zai ba da jini in an bukata, lalle ya sauke wa ungozoma rabin kayanta. Mai unguwa kuma yana iya faɗin haka a ƙofar masallaci ran suna, sa'ad da magidanta ke zaune ana rabon goro.